Hannun marini da rabon baba

Masu rini suna lura da halittu. Suna ganin ɗigo-ɗigon jikin zabo. Suna ganin zoben da ruwa yake yi idan an jefa dutse cikin tabki. Irin waɗannan zane-zane ne suke son fitarwa bisa farin zane.

Aikin yana da tsari. Ana sa tsakuwa cikin zanen, a ɗaure da zare tamau. Wurin da aka ɗaure, rini ba ya shiga. Marini kuma ya haɗa baba da toka da ruwa cikin karofi, ya jira kwanaki har ruwan ya nuna. Ya tsoma zane, ya fitar. Zanen yakan fito kore-kore. Iska ce take mai da shi shuɗi. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhu. Haka ake yi har yau a marinar Ƙofar Mata ta Kano.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin marini. Ruwan baba yakan kurɗa ƙarƙashin zare yadda ya ga dama. Sai an kwance ake ganin zoben: wani da faɗi, wani siriri, wani da gefe kamar hayaƙi.

Wasu yara suna cewa wannan kuskure ne, atamfar kanti ta fi kyau, don zanenta duka iri ɗaya ne. Ba su duba da kyau ba. Ganyayen bishiyar kuka ma ba su zo daidai da juna ba. Zanen da ya kwaikwayi halitta, bambancin nan ne yake ba shi rai. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, noman baba ya ja baya a duniya. Idan yara suka rena aikin hannu, sauran marinu ma za su bushe.

An ce sa'a ta fi sammako. A marina ba haka ba ne. Wanda ya yi ɗauri sako-sako, zanensa zai fito baƙi ƙirin, ba zobe ko ɗaya. Sa'a tana taimakon wanda ya iya aikinsa.

Saboda haka ɗan makarantar da tawada ta ɗiga masa bisa takardar zane, kada ya yaga ta. Ya duba ɗigon tukuna. Wataƙila gajimare ne, ko kan zabo. Sai ya ɗauki alƙalami ya ƙarasa.