Ado a rubutu yana da kyau, amma a bar wa harafi ƙugiyarsa

Ƙarshen shekarar lakwal da ta gabata na je bikin raba sakamako a wata makaranta ta unguwarmu. An ɗaura babban kyalle a bakin ƙofa, an rubuta shi da haruffan nan masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin ɗaurin aure. Abin da aka so faɗi shi ne "Bikin ƙare karatu", amma abin da ke jikin kyallen "Bikin kare karatu". Wani yaro ya karanta da ƙarfi, ya tambayi uwarsa ina karen yake. Mutane suka yi dariya, ni kuwa raina bai yi daɗi ba.

Matsalar daga zaɓen salon rubutu take. Yawancin salailan ado da ke cikin kwamfuta an ƙera su don Turanci da Faransanci, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In mai buga takardu ya danna harafin, ko dai wani ɗan akwati ya fito, ko na'ura ta aro harafi daga wani salo ya tsaya kamar baƙo a cikin dangi. Sai ya ga mafi sauƙi ya cire ƙugiyar. Nan take ƙasa ta koma kasa, ƙofa ta koma kofa, ɓata ta koma bata.

Wani zai ce ai kowa ya gane abin da ake nufi. Babba ya gane, don ya san maganar tun kafin ya karanta. Yaron da ke koyon haɗa baƙi fa? Mushe ya wuni yana nuna masa bambancin k da ƙ a aji, ya fito ya tarar allon makarantar da kansa ya ƙaryata darasin. Tun 1999 hukuma ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, bai kamata lakwal ta zama wurin da ake karya ta ba.

Ban ce a daina ado ba. Ku dubi allon zayyana na mai saukar karatu: ado ya kewaye rubutu, bai shiga ya ɓata baƙi ko ɗaya ba. Haka ya kamata mu yi. Salon ado ya tsaya ga kanu, kalma biyu ko uku, kuma kada a jera shi da manyan baƙaƙe zalla, don ba ya karantuwa. Suna, rana da wuri a sa su cikin salo miƙaƙƙe. Akwai Andika, wanda aka yi musamman don masu koyon karatu, da Charis SIL; duk kyauta ne kuma suna da haruffanmu.

Direkta, kafin ka biya kuɗin aiki, sa a buga maka "ɓera, ɗaki, ƙaho, ƴaƴa" cikin salon da aka zaɓa. Sannan ka kira ɗan aji biyu ya tsaya nesa kaɗan ya karanta. In ya yi tuntuɓe, a sake salo. Uwaye kuma, in kun ga takardar shaida an cire ƙugiya daga sunan ɗanku, ku mayar a gyara. Sunansa ne, da shi zai yi ta yawo.