A Daina Ɗora Wa Iska Laifi

Matuƙan ƙananan jirage a Amurka suna da wata magana da suke yawan maimaitawa: wai masu tuƙa jirgi mai taya a wutsiya kashi biyu ne, waɗanda jirgi ya taɓa wulwulawa da su a titin sauka, da waɗanda ke jiran ranarsu. Ban yarda da maganar nan ba, kuma cutar da ɗalibai take yi, domin tana koya musu saduda tun kafin su hau.

Gaskiya ne jirgin yana da hali. A irinsu Piper Cub da Cessna 180, nauyin jirgi yana bayan manyan tayoyi biyu. Da zarar hanci ya ɗan karkace bayan an taɓa ƙasa, sai nauyin nan na baya ya nemi wucewa gaba, kamar babur mai lodi a baya da aka taka wa birki cikin yashi. Karkatar tana ƙara wa kanta ƙarfi. In matuƙi bai taka feda nan take ba, jirgi zai juya, fiffike ya daki ƙasa, wani lokaci ƙafar taya ta karye ko farfela ta tanƙware. Amma wannan hali sananne ne, kuma ba ya canzawa daga yau zuwa gobe. Matuƙan da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, akasarinsu a kan irin wannan jirgi suka koya, suna samari. A Alaska har yanzu da Super Cub ake sauka kan tsakuwar bakin kogi.

Abin da ya canza shi ne horo. A 1956 kamfanin Cessna ya fito da 172 mai taya a gaba, ya tallata shi da sauƙin sauka. Irin wannan jirgi kan miƙe da kansa ko an sauke shi a karkace, shi ya sa ɗalibi ke iya gama karatu ƙafafunsa na barci. Tun Afrilun 1991 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta sa hannun malami kafin a tuƙa mai taya a wutsiya, amma ba ta ƙayyade ko awa ɗaya ba. Sai mutum ya yi 'yan kwanaki yana sauka kan ciyawa mai laushi da sanyin safiya, ya karɓi sa hannu, ya je ya gamu da kwalta da iskar gefe da tsakar rana. Idan abu ya ɓaci, ya ce guguwa ce ta zo bagatatan. Wace guguwa? Tutar iska tana nan a bakin titi, ya gan ta tun yana sama, kuma babu wanda ya hana shi ƙara wuta ya sake zagayowa.

Kamfanonin inshora, su da ke biyan kuɗin gyara, sukan nemi ƙarin awoyi tare da malami kafin su karɓi sabon matuƙi. Ya kamata malamai su riga su: kada su sa hannu sai ɗalibi ya sauka kan kwalta cikin iskar gefe sau da yawa, ya kuma riƙe sanda da feda har jirgi ya tsaya cak.