MATASHI DA JAKAR GOYO A DUWATSUN MAROKO



A makon jiya wani attajiri, abokina tun muna makarantar allo, mai sayar da atamfa da shadda, ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, fuskarsa ba walwala. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙara na kawo. Babban ɗana ya taɓa goya jaka a baya kamar mai tallan magani, ya tafi Maroko ya yi wata biyu, ya komo a rame, ba uwa ba riba. Yanzu ga ƙanensa ya gama bautar ƙasa, shi ma ya kafe sai ya tafi wata ƙasa aikin sa kai. Ni ban ga abin da wancan ya samo ba. In hana shi ne, ko in bar shi?" Na ce masa, "Alhaji, ba a yanke hukunci da jin baki ɗaya. Turo mini babban tukuna." Yaron ya zo, muka yi hira dare biyu, na kuma nemi izininsu in kawo labarin a wannan fili ba tare da ambaton suna ba, domin na san iyaye da yawa cikin 'yan kasuwa da ma'aikata suna da irin wannan tambaya a zukatansu.

Da farko bari in bayyana wa wanda bai sani ba irin wannan tafiya. Al'ada ce da ta yaɗu tsakanin samari da 'yan matan Turai da Amurka, watau in mutum ya gama makaranta, kafin ya kama aiki, sai ya zuba 'yan tufafinsa a jakar goyo, ya shiga duniya da guzuri kaɗan. Yana kwana a masauki mai arha inda mutum shida ko takwas ke raba ɗaki ɗaya, wani lokaci kuma ya yi aiki a gona ko a makaranta a ba shi abinci da makwanci maimakon lada. 'Ya'yanmu sun ga wannan a wayoyinsu, sun yi sha'awa. Amma fa tafiyar saurayi domin ganin duniya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ibn Batuta yana da shekara 21 ya bar garinsu Tanja a 1325, ya yi kusan shekara 30 yana yawo, har ya riƙe alƙalanci a Delhi da tsibiran Maldif, a 1353 kuma ya ratsa Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau. Abin lura a nan shi ne, inda duk ya sauka yana da abin da zai ba mutanen wurin, watau ilmin fiƙihu da ya ƙware a kansa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Shi ɗan abokin nawa ya sauka Maroko ne a watan Agusta na 2023. Ya fara da Fas, ya yi salla a masallacin Ƙarawiyyin wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Faɗimatul Fihriyya, ta kafa a shekarar 859, ya ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815. Daga nan ya shiga jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, da nufin ya hau dutsen Tubkal, mai tsawon mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka ta Arewa.

Bai kai ga hawan ba. Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, wadda ta zo cikin watan Safar na 1445, da misalin ƙarfe 11 na dare, ƙasa ta girgiza da ƙarfin da ya kai maki 6.8. Cibiyar girgizar tana cikin duwatsun Atlas, a lardin Al-Hauz, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh. Mutum kusan 3,000 suka rasu, galibinsu a ƙauyukan kan dutse inda gidaje na laka ne da duwatsu, rufinsu mai nauyi, irin ginin da ba ya ba mai barci damar fita. Har tsohon masallacin Tinmal, wanda Muwahhidun suka gina a ƙarni na 12, mafi yawansa ya zube. Yaron ya ce daren nan a fili suka kwana tare da dubban mutane a dandalin Jami'ul Fana, ba mai yarda ya koma ƙarƙashin rufi.

To, ga inda darasin ya fara. Ya ce, "Allah gafarta Malam, gari na wayewa zuciyata ta ƙi zama. Na haɗu da wasu baƙi uku 'yan masaukinmu, muka haɗa kuɗi muka sayi burodi da ruwan gora, muka ɗauki hayar mota muka nufi dutse. Ba wanda ya aike mu, ba mu kuma san sunan ƙauyen da za mu ba." Hanyoyin duwatsun nan ƙanana ne, ga kwana-kwana, ga duwatsu sun gangaro sun tare wasu wurare. Sai suka tarar da ɗaruruwan motoci irin tasu, kowa da kyakkyawar niyya, hanya ta cushe. Ya ce ya waiga ya ga motar asibiti a bayansu tana ta kuka, ba inda za ta bi, sun fi awa ɗaya a haka. "A nan ne na gane cewa burodin da na ɗauko bai kai darajar wurin da motarmu ta tare ba. Wa ya san wanda ke kwance cikin motar nan?" Suka ba jami'an da ke wurin kayan, suka juya.

Wannan abin da ya faru ga yaro ɗaya, shi ne hukumomin ƙasar suka guje wa a babban mataki. A kwanakin farko Maroko ta karɓi tawagar ceto daga ƙasashe huɗu kaɗai, watau Sifen da Ingila da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta ce taimakon da ba a tsara shi ba yana iya zama cikas. An soki wannan mataki a waje, kuma ba aikina ba ne in yanke hukunci a kansa. Amma wanda ya tsaya a gaban motar asibitin nan ya san maganar ba ta rasa tushe ba.

Da ya komo Marrakesh sai ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun farko, ya tambayi masu gari. Suka nuna masa inda ake ba da jini, ya bi layi ya bayar. Sa'an nan wani limami ya haɗa shi da wata ƙungiyar mutanen unguwa masu tara kayan agaji. Ya zaci za a tura shi tonon waɗanda gini ya danne, sai aka sa shi a sito, ya kwana uku yana rarrabe kaya. Ya ce a cikin buhunan da mutane suka aiko akwai takalman biki masu tsini, da magungunan da wa'adinsu ya wuce, da rigunan shan iska, alhali kuwa abin da mutanen dutse ke nema shi ne tanti da bargo da garin alkama, domin sanyi na tafe, kuma dusar ƙanƙara na sauka a wuraren. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan, cewa ba a kai wa kasuwa abin da ba ta nema. Haka sadaka ta ke. Wanda ya share ɗakinsa ya aika da tarkace ya sauƙaƙa wa kansa ne, ya kuma ɗora wa wani aikin zubarwa.

A rana ta huɗu aka tafi da shi wani ƙauye a saman Amizmiz, inda mota ke tsayawa a ɗora kaya a kan alfadarai, sauran kuma a ɗauka a ka. A nan ya gamu da abu na biyu. Yaron ya yi Islamiyya, yana da Larabci mai kyau, ya ɗauka zai zama tafinta. Ashe harshen mutanen wurin Tashilhit ne, ɗaya daga cikin harsunan Barbar, tsofaffi da mata da yawa ba su jin Larabcin littafi. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya zama malaminsa, yana koya masa sunan ruwa da gurasa da yadda ake gaisuwar ta'aziyya. Sai ga mai digiri ya zama ɗan dako, yana ɗaukar buhu, yana tura baro, yana riƙe igiyar tanti inda aka nuna masa. Ya ce sai a lokacin ya ji ya yi amfani, domin ya daina zaɓar aikin da ya ke so, ya kama wanda aka ba shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Abu na uku shi ne ya fi taɓa ni. Wani dattijo da ya binne matarsa da jikokinsa biyu ya kira shi gindin bishiyar zaitun, ya hura wuta a kan duwatsu uku, ya dafa shayi da na'ana'a, ya gutsura gurasa ya miƙa masa da man zaitun. Yaron ya ji nauyi, ya ce ya ƙoshi. Dattijon ya sa aka fassara masa cewa, "Ɗana, gidana ya rushe, amma ni ban rushe ba. Baƙo bai taɓa barin ƙofata bai ci ba, kada ka zama na farko." Ya karɓa ya ci. Ana cikin haka sai ɗaya daga baƙin da suka zo tare ya ɗaga waya zai ɗauki hoton dattijon a gaban kangon gidansa, dattijon ya rufe fuska da hannun rigarsa. Yaron ya ce shi ma wayarsa na hannunsa a lokacin, kunya ta rufe shi, ya mayar da ita jaka, bai sake fito da ita a ƙauyen ba. Shi ya sa ya komo gida ba hoto ko ɗaya da zai nuna wa mahaifinsa. Malamanmu sun daɗe suna faɗa cewa gori da riya suna ɓata sadaka. To, ɗaukar hoton mai baƙin ciki ba da yardarsa ba, a watsa wa duniya domin a yaba wa mai ɗauka, gori ne da ya sami sabuwar riga.

A kan yara marayu kuwa sai an ƙara hattara. Bayan girgizar, Sarki Muhammadu na Shida ya ba da umurni a ƙidaya yaran da suka rasa iyaye, a sa su ƙarƙashin kulawar ƙasa, domin a duk inda masifa ta sauka akwai masu fakewa da tausayi su yi ɓarna. Ba mu manta da abin da ya faru a Abeshe ta ƙasar Cadi a watan Oktoba na 2007 ba, inda aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa suna shirin tashi da yara 103 a jirgin sama da sunan marayun Darfur ne, bincike kuma ya nuna galibinsu 'yan Cadi ne masu dangi a raye. Saurayin da aka gayyata gidan marayu a ƙasar da bai sani ba, aka kuma nemi ya biya kuɗi kafin ya yi wasa da yara na mako biyu, ya tsaya ya tambayi kansa wa ke cin ribar wannan ciniki.

Yaron ya yi mako uku a ƙauyen, guzurinsa ya ƙare, ya komo. Da bakinsa ya ce aikinsa ɗigo ne cikin kogi, domin shirin sake ginin da gwamnatin ƙasar ta sanar na dirhami biliyan 120 ne cikin shekara 5, kuma masu wurin ne za su ɗauki nauyin kwanakin bayan kowane baƙo ya tafi.

Ga amsar da na ba abokina, ita ce kuma amsata ga duk uban da ke da irin tambayarsa. Na ce, "Alhaji, tafiyar da ba ta wajibi ba tana bukatar yardar iyaye, wannan hakkinka ne, ba mai ƙwace maka shi. Amma kafin ka ce a'a ko i, ka zaunar da yaron ka yi masa tambayoyi." Wa ya gayyace shi, kuma mutanen wurin ne suka nemi hannu, ko wani dillali ne ke sayar da tafiyar? Mene ne ya iya da hannunsa, kamar yadda Ibn Batuta ya tafi da fiƙihunsa: gini, ko jinya, ko gyaran famfo, ko koyar da lissafi? Yana da guzurin zuwa da na komowa na halal, ba bashi ba, don kada ya zama nauyi a kan waɗanda ya je sauƙaƙa wa? Takardunsa na shiga ƙasar sun halatta masa aikin da zai yi? Ya san hukuncin sallar matafiyi da yadda zai kiyaye cikinsa daga haram? Sa'an nan tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: wa ya taɓa taimaka a unguwarsu? Wanda bai taɓa ɗaukar shebur ba ranar da ruwa ya ci gidan maƙwabcinsa, jirgin sama ba zai sauya masa hali ba.

In yaron ya amsa waɗannan da kyau, shawarata ita ce a sa masa albarka a bar shi, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. In ya kasa, a ce ya jira shekara guda ya koyi sana'a, ya yi hidima a gida, sa'an nan a sake zama.

Da Alhaji ya tashi tafiya na tambaye shi ko ya ga wani canji ga babban tun komowarsa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Gaskiya, Malam, tun da ya dawo bai sake daka wa ɗan dako tsawa a shago ba, kuma shi ke zuba musu shayi da safe." Na ce, "To, Alhaji, ashe an sami riba, littafin da ka duba ne ba a rubuta ta a ciki ba."

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba na raye haƙuri, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.