Gwanjon gidajen jinginar banki: araha ba ta ado

Tun daga takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƴan kasuwa da dama sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma bashin da aka ci don kayan da suka maƙale a Kwatano bai tafi tare da shi ba. Wanda ya jinginar da gidansa ya kasa biya, banki na iya kai gidan gwanjo, shi ya sa wasu Alhazai da Hajiyoyi a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ke ganin wata ƙofar samu ta buɗe. To amma mu yi hattara, kuɗin da ake gani a jikin sanarwa ba shi ne kuɗin gidan ba.

Dokar OHADA ce ke tafiyar da wannan ciniki, wadda aka kafa a 1998, aka sabunta a 2023. Wisiye na kai wa mai bashi takardar gargaɗi, a ba shi kwana 20 ya biya. In ya kasa, lauyan banki ya ajiye kundin sharuɗɗan sayarwa a ofishin magatakardan kotu, sannan a yi gwanjon a gaban alƙali ko a ofishin notere.

Doka ta ce kada farashin buɗe gwanjo ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gida. Ke nan gidan miliyon 20 na sefa ana iya buɗe shi a miliyon 5, daga nan masu tayi su yi ta hawa. A ce ya faɗa hannunki a miliyon 12, Hajiya, kada ki yi saurin guɗa. Cikin kwana 10 wani na da ikon ƙara kashi ɗaya cikin goma, wato ya taya miliyon 13 da jika 200, a sake gwanjon. Kuma wanda bai biya kuɗin da ya taya cikin kwana 20 ba, ana iya sake sayar da gidan, in an samu miliyon 10 kawai shi zai cika miliyon 2 ɗin da suka rage, ba gida ba kuɗi. Ga kuɗin shari'a, da na rajista, da na sauya suna a titir fonsiye, duk suna iya hawa kan mai saye.

Sai batun mutanen cikin gida. Hukuncin kotu na ba ka mallaka, amma ba ya ba ka makulli. Za ka iya tarar da mata da yara, ko ƴan haya, ko magada masu cewa da rabonsu a ciki. Fitar da su wata ɗawainiya ce, kuma a garuruwanmu da kowa ya san kowa, mai gidan ƙila maƙwabcinka ne a kasuwa.

Saboda haka muna ba sabon shiga shawara huɗu. Ya je kotu ya karanta kundin sharuɗɗan tare da lauya. Ya binciki titir fonsiye a ofishin filaye, ya san ko akwai wata jingina a kai. Ya je unguwar da ƙafarsa, ya tambayi mai unguwa da maƙwabta, ya duba ko ruwa na kwanciya a wurin da damina. Sannan ya yanke wa kansa iyakar tayi tun daga gida, ya haɗa da kuɗin gyara.

Babban abin da muke jin tsoro shi ne a kwashe jarin shago ko kuɗin adashe a zuba. Buhun shinkafa na juyawa cikin mako, gida kuwa na iya shekara bai kawo ko dala ba. Wanda ya ci bashin banki don ya sayi gidan gwanjo, ya tuna ta hanyar da gidan ya zo gwanjon. Allah ya rufa mana asiri.