Dogon Numfashi Ba Ya Rage Yawan Ɗalibai

A 'yan shekarun nan kamfanoni da makarantu a Turai da Amurka sun rungumi yoga da atisayen tattara hankali a matsayin maganin gajiyar ma'aikata. Tun 2015 ake bikin ranar yoga ta duniya kowace 21 ga Yuni, shi kuwa horon tattara hankali na mako takwas, Jon Kabat-Zinn ne ya soma shi a Jami'ar Massachusetts a 1979. Abin da ya yi kasuwa a can, ko ba daɗe ko ba jima sai an kawo mana shi a taron bita. Gara mu tsai da shawara tun bai iso ba.

Abin ba ya rasa amfani. Malamin da ya yini tsaye gaban allo yana shaƙar ƙurar alli, ya kuma ratsa dajin Falgore a kan babur, bayansa da wuyansa na bukatar miƙewa. Minti biyar na zama shiru ana jan numfashi kafin shiga aji kan sanyaya zuciya, har ya hana hannu kai wa bulala. Wanda ransa bai kwanta da yoga ba saboda tushenta a addinin Hindu, sai ya bar sunan ya ɗauki motsa gaɓoɓin. Natsuwa kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Muna da ƙailula da sallar azahar da zikiri, abokan aikinmu Kirista na da addu'arsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne a mai da wannan madadin gyara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci da cewa matsin wurin aiki ne da ya daɗe ba a shawo kansa ba. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya nazarci bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, bai ga waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauran walwala ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa ya ƙirga ajinsa, daga Tiga zuwa Kwanar Dangora, daga Tudun Wada zuwa Riruwai. Malamar da ke riƙe da ninkin wannan adadi, ga ƙarin girma da ya makale, ga kuɗin mota da ya cinye albashi, wane numfashi ne zai sauke mata wannan kaya?

Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, ya kamata rassanmu huɗu su kai bukatun walwala a rubuce: ƙarin malamai a makarantun karkara, ɗakin malamai mai kujeru da ruwan sha, bayan gida na malamai mata, da hutun tara wanda ba a cike shi da rajista da gyaran jarrabawa. In an samu ɗakin, mu da kanmu za mu shimfiɗa tabarmar atisayen.