Alhaji, Kai Ka Cuci Gidanka Kafin Birkila Ya Cuce Ka

Da zarar ruwa ya sauka sau biyu ko uku, sai koke ya cika majalisa. Silin yana yoyo, bango ya tsage daga taga har ƙasa, tayil ɗin falo ya kumbura yana ƙara in an taka. Kuma bakin kowa ɗaya ne: magina ba sa tsoron Allah, 'yan kwangila ɓarayi ne. To, akwai ɓarayi a cikinsu, ban musa ba, kuma ranarsu tana nan tafe. Amma yau da kai nake, maigida, kai da ka fitar da kuɗin gyaran. A yawancin gidajen da gyara ya koma ɓarna, ɓarnar ta soma ne tun ba a sauke tifar yashi ta farko ba, kuma daga bakinka ta fito.

Dubi yadda ka fara. Kuɗi sun shigo, ko na giratuti, ko an sayar da gona, ko kasuwa ta yi albarka bana. Ko yini guda ba ka zauna da takarda da biro ba. Sai ka aika a kira maka birkilan da ya yi wa surukinka katanga, ka zagaya da shi cikin gida kana nuni da makullin mota: a fasa nan, a toshe can, wannan ɗakin a haɗe shi da falo, sama kuma a ɗora wa samari ɗakuna biyu. Ka ciro waya ka nuna masa hoton wani gida da ka gani a Facebook. Ya kalla, ya gyaɗa kai.

"Za ka iya?"

"Haba Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne."

"To nawa zai ci?"

"A dai fara, ranka ya daɗe. Ai ni da kai ba za mu ɓata ba."

Iyakar yarjejeniyar ke nan, a kan aikin da zai lashe miliyoyin naira, a kan rufin da iyalinka za su kwana a ƙarƙashinsa. Kai da ba ka sayen rago sai ka taɓa ƙugunsa ka duba haƙoransa.

Da wani mai hankali ya ce ka nemi injiniya da mai zanen gini, tsaki ka ja. "Zane kawai zan biya wa kuɗi? Takarda?" Lissafi ake sayar maka a takardar nan, kuma ga kaɗan daga cikinsa. Kankare mai faɗi da tsawo da kauri na mita ɗaya nauyinsa ya kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin inci 6 a kan ɗaki ƙafa 12 da 12 yana dab da tan 5, wato kusan nauyin buhun siminti 100. Ɗaki ɗaya ke nan, ba a sa bulon bangon sama ba, ba a sa rufi ba, ba a sa mutane da kayansu ba, ba a sa tankin ruwan lita 2,000 da za ka kafa a kai ba, wanda shi kaɗai tan 2 ne in ya cika. Harsashin da ke ƙasa kuwa mahaifinka ya haƙa shi ne don ya ɗauki bango da kwano kurum. Kana shirin ɗora wa jaki kayan raƙumi, kuma ba ka ma leƙa ƙafafun jakin ba.

Injiniya zai sa a tona gefen harsashin ya ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da yake zaune a kai. Zai faɗa maka ko sai an zuba sababbin ginshiƙai, da yawansu, da kaurin rodin da za a sa, ko mai milimita 12 ko mai 16. Zai iya ce maka a'a, ginin nan ba ya ɗaukar bene, kuma ina zargin wannan a'a ɗin kake gudu fiye da kuɗinsa. Shi ne kuma zai gaya maka cewa bangon da kake son rushewa don falo ya yi faɗi shi ke riƙe da rufin. Birkila gwani ne wajen jera bulo da filasta, amma ba wanda ya koya masa wannan lissafin, kuma ba abin kunya ba ne gare shi. Abin kunyar naka ne da ka ɗora masa aikin da ba nasa ba don ka ga ya fi araha. Kada kuma ka ruɗu da suna, domin a wurin gini duk wanda ya sa hular kwano sai a ce masa injiniya. Na gaske yana da rajista da hukumar COREN, mai zanen gini da ARCON, ƙwararren magini da CORBON, kuma kowannensu yana da lamba da hatimi. Tambayar lambar ba cin fuska ba ce.

Mun ga ƙarshen irin wannan ganganci a manyan gine-gine. Ranar 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun a Legas ya rufta ana cikin ƙara masa benaye, mutum 116 suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuma ya tabbatar ba a karɓi izinin ginin ba. A watan Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa a Titin Beirut a Kano ya faɗo kan mutane tsakiyar kasuwar waya. Waɗannan su ne jarida ta ɗauka. Ɗakin da ya danne tsohuwa da jikokinta a lungu cikin damina, iyakarsa sanarwar jana'iza bayan sallar asuba, sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, ba mai ja da ƙaddara. Amma wanda ya rage rodi da hannunsa zai amsa tambaya a kan rodin.

Sai maganar siminti, inda rowarka ta fi fitowa fili. Na sani ya yi tsada, a farkon 2024 buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa. Tsadar ba ta canja ma'auni ba. Kwaɓin da aka saba yi wa dekin da ginshiƙi shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu guda kusan kwanon sarki biyu ne, saboda haka yashi huɗu, tsakuwa takwas. Je ka tsaya a wurin ranar zuba dekin ka gani. Leburori sun yi layi a kan tsani, kwano a ka, gumi na zuba, mai kwaɓa yana ƙirga baro da baki. Kai kuma kana gindin bishiya kana ƙirga buhunan da suka rage, ka ga ba za su kai ba, sai ka ɗaga murya: "Malam, a ɗan ƙara yashi mana, ai duk ɗaya ne." Ya ƙara. Kwaɓin ya yi tauri, sai ya malala ruwa don shebur ya shiga da sauƙi, ruwan da ya wuce kima kuwa ƙarfin kankare yake ci. Da la'asar an shafe sama sumul, kowa ya ce masha Allah, ba mai iya ganin abin da ke ciki.

Washegari ma ba ka bar shi ya huta ba. Kankare yana son ban ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A hunturu, ko a zafin Afrilu, iska da rana suna tsotse ruwansa tun bai kama ba. Amma kuɗin kurar ɗan garuwa sun tsone maka ido, kwana biyu ka ce ya isa. Katakon tokara da ya kamata ya yi mako biyu zuwa uku a ƙarƙashin dekin ka sa an cire da wuri, wai kafinta zai kai shi wani aikin a rage maka haya. Bulo kuwa ka aika a sayo inda ya fi sauƙi, irin wanda in ka murza kusurwarsa da yatsa sai ya zube.

Masu tsofaffin gidajen ƙasa a cikin birni, ku ma ban tsallake ku ba. Kuna lulluɓe bangon tubali da filastar siminti ku shafa fenti, ku ce an gyara. Siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye har ranar da zai zauna gaba ɗaya a watan Agusta. Magina na da, da makubarsu da yaɓen shekara-shekara da gyaran indararo kafin ruwan fari, sun san abin da suke yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba talauci ne ya sa ka wannan ba. Kuɗin da ka hana injiniya da ɗan garuwa ka ninka su sau goma a kan abin da baƙo zai gani: ƙofar gida mai walƙiya, tayil har bangon waje, silin ɗin POP mai fitilu kala-kala. A cikin bango kuma ka binne siririyar waya mai milimita 1.5, wadda ta dace da ƙwan fitila, ka jona mata na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa ruwa. Ka binne bututun ruwa mafi araha a ƙarƙashin tayil mafi tsada, ba a ko gwada shi da ruwa ba kafin a rufe. Ka sare darbejiyar tsakar gida, ka rufe sararin da kwano don falo na biyu, ka sa ƙananan tagogin gilas irin na ƙasashen sanyi a garin da zafi ke wuce digiri 40. Yanzu in an ɗauke wuta ba mai iya zama a ciki, yara suna kwana a baranda. Uwargida kuwa, wadda ta fi kowa sanin inda hayaƙi ke taruwa da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, ba ka tambaye ta komai ba sai launin labule. Ga kicin nan an yi mata shi a ƙuryar da iska ba ta shiga, ba wurin turmi, ba wurin murhun gawayi ranar da gas ya ƙare, ba igiyar shanya.

Ka ce rubuta yarjejeniya rashin yarda ne, kunya kake ji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kai kuma ka fi kowa kawaici? Takarda ɗaya ta isa: ga aikin da za a yi ɗaki-ɗaki, ga kuɗin kaya daban, ga kuɗin aiki daban, ga wanda zai sayo kayan, ga ranar gamawa, ga shaidu biyu. Ka karɓi ƙiyasi daga mutum uku, ka je da ƙafarka ka ga gidan da kowannensu ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ka tambayi mai gidan a bayan idonsa. Biya kuma mataki-mataki ne, an gama harsashi a biya, an kai linta a biya, an yi rufi a biya, sannan a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har damina ɗaya ta wuce a kan rufin. Kai kuwa ko dai ka zube wa birkilan rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami ya tafi ya ƙarasa aikin wani da su, ko kuma ka matse shi har ya rasa abin sallamar leburori da yamma, ya koma yana sayar da siminti buhu ɗaya-ɗaya ta bayan katanga. Kullum kuma da sabon ra'ayi kake zuwa, abokinka ya ce ƙofar ta fi kyau ta gabas, a fasa a mayar. In ya ce kuɗi sun ƙaru, ka ce ya cika son zuciya. Har yau akwai mai fenti da ke zarya ƙofar gidanka saboda cikon kuɗinsa, kana cewa yaro ya ce ba ka nan.

Izinin gini ma ka mayar da shi abin wasa. KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna da takwarorinsu na sauran jihohi suna da nasu jan ƙafar, kowa ya sani, amma hakan bai ba ka damar sa a yi aikin dare da ranakun hutu don kada a zo a shafa maka jan fenti a bango ba. Kuma ko hukuma ba ta zo ba, maƙwabcinka yana nan. Ka ci ƙafa biyu na hanya da matakalar shago, ka jibge yashi a kan kwata wata uku har ruwan sama ya koma zauren mutane, ka juya bakin indararonka cikin gidan marayu. Tagar benen da ka ɗora tana kallon tsakar gidan maƙwabcin naka kai tsaye, matansa sun daina fitowa shan iska da rana tsaka sai da mayafi. Ya aiko maka da ƙaninsa cikin mutunci, ka ce filinka ne. Yanzu maganar tana gaban mai unguwa, kuma in ta wuce can, toshe tagar da sake wa ɗakin hanyar iska daga aljihunka za su fito.