Zaɓen Kayan Aikin Tsara Manhaja: Mai Kamfani Ma Yana Da Ta Cewa

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu da ke ɗaukar masu tsara manhajar kwamfuta aiki ba sa tambayar irin kayan aikin da aka zaɓa. Wannan sakaci kan jawo asara.

Kowace manhaja tana dogara ne da wasu ƙananan manhajoji. Idan aka cakuɗa na ayyuka biyu a na'ura ɗaya, sabunta ɗaya kan lalata ɗayan. Dalili ke nan da ya sa ake keɓe wa kowane aiki ɗakinsa.

Ga masu amfani da harshen Python, venv ya wadatar a ƙananan ayyuka. Yana cikin Python tun 2012, kyauta ne, kuma ba ya wahalar da na'ura. Docker, wanda ya fito a 2013, ya fi shi ƙarfi, domin yana ɗaukar manhaja da dukkan kayanta daga kwamfutar ofis zuwa sabar ba tare da canji ba. Sai dai yana buƙatar na'ura mai ƙarfi da intanet mai yawa. Har ila yau, tun 2022 kamfanin da ke da ma'aikata 250 ko fiye, ko kuɗin shiga na dala miliyan 10 a shekara, dole ya biya kuɗin Docker Desktop da dala, ga shi naira ta faɗi tun 2023.

Saboda haka a fara da venv. In aiki ya bunƙasa, a duba Podman, wanda kyauta ne. Kuma mai kamfani ya tabbata an rubuta jerin kayan aikin, don kada aiki ya tsaya ranar da ma'aikaci ya tafi.